Tanderun Fasto Zacharias

Ranar da Fasto Zacharias ya sauka a Rafin Tukurwa, wani ƙauye can bayan Kwali, kafin ƙafarsa ta biyu ta taɓa ƙasa ya riga ya gaya wa mutane abu uku. Na ɗaya, shi mutumin Garwa ne ta ƙasar Kamaru. Na biyu, mishan ce ta aiko shi Najeriya. Na uku, ya taɓa yin wata shida cur a Beljiyam. Na ukun nan shi ya fi maimaitawa.

Lokacin nan ne da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya yawaita, Abuja kullum ka shiga sai ka tarar wani bene ya tsiro. Wayar hannu ta shigo, Fasto ma yana da tasa rataye a wuya da igiya, ko da yake duk ƙauyen babu inda take kamawa sai a kan wani suri da ke bayan coci.

Mama Angela aka ɗora wa kula da cinsa da shansa, tunda ya baro iyalinsa a Garwa sai ya zauna da gindinsa tukuna. Mace ce mai yawan fargaba. Jikanta ya yi tari sau biyu, ta riga ta fara neman kuɗin motar asibiti. Amma abu ɗaya take ji da shi a duniya: shekara goma sha ɗaya ke nan ita ce shugabar matan ƙauyen masu ginin tukwane, Kirista da Musulmi, ita ke ɗaura shuɗin ɗankwalin shugabanci, kuma ba ta taɓa tsaya wa wata magana ta faɗi ƙasa ba.

Mata suka zo taya baƙo kwashe kaya. Kowacce ta ɗora akwati a kafaɗa, yadda matan Gwari suka saba tun kaka da kakanni.

"Tsaya, tsaya, tsaya!" in ji Fasto. "A kafaɗa? Haba iyayena, ai sai ƙashin baya ya karkace. Ni na yi karatun jikin mutum. Ku kawo in nuna muku."

Ya ɗora babban akwatin a kansa, ya saki hannu don kowa ya gani, ya yi taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu reshen mangwaron ƙofar gida ya karɓi akwatin. Murfi ya buɗe. Gwangwanayen kifi suka gangara, gajerun wanduna uku suka rataye a reshe.

Iya Batulu, tsohuwar da ta fi kowa iya gini a ƙauyen, kuma ta fi kowa kaifin baki, ta ɗauki gwangwani ɗaya ta share masa ƙasa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sannu, Beljiyam," ta ce.

Daga ranar ba ta sake kiransa da wani suna ba.

Lahadin farko mutum tara ya samu a coci. Biyu suna barci, ɗaya ba ya ji. Ya yi wa'azin awa biyu, ya dawo gida yana fifita da littafin waƙa.

"Mama Angela, ina matan garin nan? An ce mini su ne ƙarfin ikilisiya."

"Rani ne, Fasto, lokacin tukwane. Wasu suna daji neman itace, wasu suna yankan ciyawa. Ka ga tukunya in an gina ta, sai ta sha inuwa kusan mako uku, ta sha rana, a ɗumama ta a hankali a kan garwashi, sannan a jera a fili a rufe da itace da ciyawa a gasa. Aiki ne, ba wasa ba."

Fasto ya ajiye cokali. Ya yi dariya har wayar wuyansa tana tsalle a ciki.

"A fili? Kamar masu gasa ɓera? Mama, yanzu na gane abin da ya sa Ubangiji ya aiko ni. Tanderu zan gina muku. A Beljiyam da safe ake zuba tukwane, a rufe ƙofa, a tafi shan shayi, a dawo a kwashe. Ba itace mai yawa, ba ciyawa. Matan nan za su huta, coci ya cika, a hedikwata a Garki a ji cewa Zacharias ya iso."

Gaban Mama Angela ya faɗi, kamar yadda ya saba faɗuwa. Amma ta tuna da kafaɗun matan nan, da yadda itace ke ƙara nisa kowace shekara tun da aka fara yanka filaye. Ta ce a ranta, mutumin da ya hau jirgin sama ai ba zai rasa sanin wani abu ba.

"Ka tabbata, Fasto?"

"Mama, da idona na gani."

Da yamma ta tara mata a gindin mangwaro ta yi musu bayani. Iya Batulu ta tofar da ɓawon goro.

"Angela, mutumin da bai iya wuce mangwaro ba shi za mu ba wa tukwanenmu?"

"Iya, baƙo ne, kuma bawan Allah ne."

"Ni ma baiwar Allah ce, amma ban taɓa cewa zan tuƙa jirgi ba."

Mata suka kwashe da dariya. Mama Angela ta ji kunya ta kama ta a madadin baƙonta, sai bakinta ya riga hankalinta. Ta dafa ɗankwalin kanta.

"Ni na tsaya masa. In tukunya ɗaya ta lalace, ku karɓi wannan."

"Kun dai ji," in ji Iya Batulu. "Ni ban roƙe ta ba."

Washegari Fasto ya ɗauki hayar a-kori-kurar Yamusa, direban ƙauyen, suka nufi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Mama Angela ta bi su, don hankalinta ya ƙi kwanciya. 'Yan kasuwa suka yi masa caa.

"Oga Fasto, zo nan! Me za a gina? Coci ne ko bene?"

"Tanderu," ya ce, yana gyara kwala. "Irin na Turai."

Wani dattijo mai sayar da jan bulo ya ce, "To ga abin da kake nema. Wannan ya riga ya sha wuta, ba ya tsoronta."

"Jan bulo? Wannan na ƙasa? Baba, daga ƙasa muke so mu fitar da mutane. Dubi Abuja, da me aka gina ta? A loda mini bulon siminti."

Yamusa ya sosa ƙeya. "Fasto, ni dai ban yi boko ba, amma matata ta taɓa yin murhu da bulon siminti. Sati ɗaya ya yi ya rududduge."

"Matarka ta je Beljiyam?"

"Ko Suleja sai da rakiya."

"To loda."

Aka loda bulo, da kwanon rufi, da jarkar dizal, da wata tsohuwar fanka mai tsayuwa wadda ya ce ita za ta riƙa hura wuta.

Ginin kuwa shi kaɗai ya ce zai yi, kada wani ya ɓata masa lissafi. Ya zana da'ira a filin coci, ya shiga tsakiya, Yamusa yana miƙa masa bulo yana jerawa. Kwana uku yana yi yana waƙa da Faransanci. A rana ta uku bango ya wuce kansa, aka ɗora kwano aka buga. Sai waƙa ta tsaya.

Mama Angela ta kawo abincin rana, ta ji murya daga ƙasa.

"Mama. Kira mini Yamusa. A hankali, kada kowa ya ji."

Ta sunkuya. Ashe ƙofar da ya bari ta zuba tukwane ba ta kai faɗin cikinsa ba. Kai da kafaɗu sun fito, sauran Fasto yana ciki.

"Wayyo Yesu! Jama'a, ku zo, Fasto ya maƙale!"

Duk ƙauyen ya zo. Mata huɗu suka kama hannu ɗaya, Yamusa ya kama ɗayan. Iya Batulu ta aika aka kawo man gyaɗa ta shafa masa a kwiɓi da kanta.

"Beljiyam, ko mu bar ka a ciki mu fara gwadawa da kai? In ka gasu lafiya sai mu kawo tukwane."

"Iya, wannan gwajin faɗin ƙofa ne. Da gangan na yi."

Aka ja, ya fito fit, ya bar maɓallan riga biyu a ciki. Ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ce ƙofar tana buƙatar ƙari kaɗan, kamar yadda ya zata.

Da aka faɗaɗa ƙofa, Mama Angela ta roƙe shi, don Allah a fara gwadawa da wani abu. Ta kawo babbar doya. Ya jefa ta ciki, ya zuba itace, ya yayyafa dizal, ya tayar da janareton coci, fanka ta kama hurawa. Minti goma ya kashe. Aka jawo doya baƙa ƙirin. Iya Batulu ta sa wuƙa ta raba ta biyu. Waje gawayi, ciki ɗanye shar, har ruwa yana tsattsafowa.

"Ga shaida ta fito," ta ce. "Doya ba ta iya ƙarya ba."

"Iya, doya daban, tukunya daban. Wannan kimiyya ce."

Daga ranar hankalin Mama Angela bai sake kwanciya ba. Ta yi niyyar ta ce a fasa, amma ta yaya? Ita ta dafa ɗankwali a gaban mutane. Abin da ya rage mata shi ne ta tabbatar tukwanen sun bushe sarai kafin su shiga. Mata sun gina guda arba'in da biyu, har da babbar randarta mai zanen ƙadangare, wadda ta yi kwana tara tana ginawa. Ta lissafa, saura mako biyu su isa shiga wuta.

Ranar Laraba sai ga Fasto a kan suri, ƙafa ɗaya a sama, yana ihu cikin waya. Ya sauko yana washe baki.

"Mama, albishirinki! Rabaran Bernard da kansa zai zo daga Garki ranar Asabar, da baƙi daga ma'aikata, da mai ɗaukar hoto. Ni na gayyace su."

"Wace Asabar?"

"Ta makon nan."

Mama Angela ta ƙirga kwanaki da yatsunta.

"Fasto, tukwanen kwanansu shida. Ba su bushe ba."

"Wuta ai ita ke busar da abu. Me ya fi wuta busarwa?"

Ranar Asabar da safe aka fito da tukwane. Iya Batulu ta ɗauki ɗaya ta manna a kumatunta, ta lumshe ido. Haka magina suke yi: in tukunya ta yi sanyi a kumatu, akwai sauran ruwa a cikinta. Ta miƙa wa Fasto.

"Sa a kumatunka."

"Iya, ni fuskata ba ma'auni ba ce. Ina da agogo."

"Angela, ke sa."

Mama Angela ta sa. Sanyi kamar randar safe. Ta dubi Fasto cikin sabuwar kwat, ta dubi rumfar da aka kafa da kujerun roba, ta dubi motoci biyu da suka riga suka kunno kai daga bakin rafi. Ta mayar da tukunyar cikin sauran.

"Ai ta tsaya masa," in ji wata daga baya. "A zuba."

Aka zuba.

Rabaran Bernard, dattijo mai sanyin magana da farin gashi, ya zauna a kujerar gaba. Kusa da shi wata hajiya daga ma'aikata da gilashinta da jakarta, sai mai hoto. Fasto Zacharias ya yi jawabin minti arba'in. Ya ce yau Rafin Tukurwa zai fita daga duhu. Ya ce abin da iyayen nan suke yi a mako uku, shi zai yi kafin baƙi su shanye lemonsu. Ya ambaci Beljiyam sau goma sha ɗaya, Yamusa ne ya ƙirga.

Sannan ya juye rabin jarkar dizal, ya ƙyasta ashana, ya kunna fanka.

Wuta ta kama da gurnani. Aka yi tafi. Mama Angela ta haɗa hannu biyu a ƙirji tana addu'a da Gwari, da Hausa, da ɗan Turancin da ta tsinta a aji huɗu.

Tas!

Hajiya ta zabura. Fasto ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Kada ku damu. Yumɓu ne yake gaisawa da wuta."

Tas! Tas! Tararas! Dum!

Wannan ta ƙarshe Mama Angela ta gane muryarta. Randarta ce.

Daga nan ba a sake jin ɗaya-ɗaya ba. Kamar an zuba masara a kasko, sai dai kowace ƙwaya tukunya ce. Tsingaro ya fara fitowa ta ƙofa yana shawagi. Mai hoto ya kwanta rub da ciki. Hajiya ta bar takalmi ɗaya ta shige bayan mota tana salati. Yamusa ya ce bari ya matsar da a-kori-kura kada ta kama, ba a sake ganinsa ba sai la'asar. Kaji da awaki suka watse cikin gonar rogo.

"Jama'a ku zauna!" Fasto yana ihu. "Wannan matakin farko ne! A Beljiyam ma..."

Kwanon rufi ya ɗaga sama, ya yi juyi ɗaya, ya sauka a kan rumfa. Bulon siminti ya tsage daga sama har ƙasa, bangon ya buɗe kamar an yanka kabewa, ya zube. Fanka, wadda har yanzu tana aikinta da gaskiya, ta kwaso toka da hayaƙi ta watsa wa Fasto daga kai har takalmi.

Da ƙura ta lafa, Rabaran Bernard ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya gyara tabarau.

Mata ba su kula shi ba. Sun kewaye tarin toka. Wata ta tona da sanda ta ɗago wuyan tulu, shi ke nan abin da ya rage mata. Cikin arba'in da biyu, ko murfi bai tsira ba. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suka dubi Mama Angela.

Ba ta jira an ce mata komai ba. Ta kwance shuɗin ɗankwalin, ta ninke shi huɗu, ta miƙa wa Iya Batulu. Shekara goma sha ɗaya. Ta tsaya kai ba ɗankwali a gaban baƙi, hawaye yana bin tokar fuskarta.

Rabaran ya juya wajen Fasto.

"Zacharias," in ji Rabaran a hankali, "tanderun da ka gani a Beljiyam, ka taɓa gasa tukunya a ciki?"

"Ranka ya daɗe, ban gasa da hannuna ba."

"Amma ka tsaya ka ga yadda ake yi."

"Na gani. Ta tagar bas."

"Tukwane ake fitarwa?"

"Da na sake tunani, ranka ya daɗe, kamar burodi ne."

Hajiya, daga bayan mota, ita ta fara fashewa da dariya. Amma Fasto bai yi dariya ba. Ya taka zuwa gaban matan, toka tana zuba daga girarsa.

"Iyayena, Mama Angela ta gaya mini ba su bushe ba. Iya ma ta gaya mini. Har doya ta gaya mini. Ku mayar mata da ɗankwalinta. In wani za a kora, ni ne."

"A kore ka ka tafi ina?" in ji Iya Batulu. "Ka fasa mana tukwane ka koma Garki ka sha fanka?" Ta juya wajen Rabaran. "Ranka ya daɗe, mu nan muna da ƙa'idarmu. Wanda ya fasa, shi ke haƙo yumɓu, shi ke takawa, har a mayar da abin da ya fasa. Ko akuya ce ta fasa, mai ita ke takawa."

"Ƙa'ida mai kyau," in ji Rabaran. "Dama mishan ta aiko shi ne ya zauna da mutane. Tukwane nawa?"

"Arba'in da biyu. Har da randa mai ƙadangare, ita a bakin biyar take."

Iya Batulu ta juya ta warware ɗankwalin, ta ɗora wa Mama Angela a ka, ta ɗaure da ƙarfi har sai da ta ce wash.

"Ke kuma ba inda za ki tsere. Ke kika tsaya masa, to ci gaba da tsayuwa. A kansa za ki tsaya, kullum, har ya gama."

Ranar Litinin da hantsi aka ga ɗan mishan na ƙasar Kamaru ya naɗe wando har gwiwa, yana tahowa daga bakin rafi da kwandon yumɓu. A kafaɗa. Da ya zo gindin mangwaro har sunkuyawa ya yi, ko da yake babu komai a kansa.

Ya shiga ramin kwaɓi ya fara takawa. Mata sun zauna kewaye da shi, kowacce da gininta. Ya ɗaga kai ya ƙirga su a ɓoye. Talatin da bakwai, kuma babu mai barci. Ya yi gyaran murya.

"Iyayena, tunda Allah ya tara mu, akwai wata 'yar magana..."

"Yi abarka, Beljiyam, kunnuwanmu a buɗe suke," in ji Iya Batulu. "Amma ƙafa kada ta tsaya."

Bayan kwana goma Mama Angela ta ɗauko tukunyar farko daga inuwa. Ta manna wa Fasto a kumatu.

"Me ka ji?"

"Sanyi, Mama."

"To?"

"Amma da za a ɗan kusantar da ita da wuta, a Bel..."

Mama Angela ta kai hannu ta dafa ɗankwalinta, ta zuba masa ido.

Fasto Zacharias ya karɓi tukunyar da hannu biyu, ya mayar da ita inuwa da kansa, ya koma cikin rami.